Daga filin makaranta zuwa ƙungiyar jami'a a Amurka: yadda ake bin hanyar

Kusan kowace shekara sai wani uba ya tare ni a bakin fili bayan atisaye, ya ce, "Malam, an ce yaron nan zai iya samun karatu kyauta a Amurka da wasan nan nasa, yaya ake yi?" Hanyar tana nan, kuma an bi ta. Hakeem Olajuwon daga Legas ya tafi Jami'ar Houston, a zaɓen sababbin 'yan wasa na 1984 shi aka fara ɗauka zuwa NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka. Masai Ujiri a Zariya ya tashi, a nan ya fara ƙwallon kwando, ya bi ta wata kwaleji a garin Bismarck na jihar Dakota ta Arewa, daga baya shi ne shugaban Toronto Raptors lokacin da suka ɗauki kofi a 2019. Tobi Amusan ta ci gasar jami'o'in Amurka a 2017 tana Jami'ar Texas da ke El Paso, a 2022 kuma ta kafa tarihin duniya a gudun tsallake shinge na mita 100 da daƙiƙa 12.12.

Sai dai yawancin yaran da na ga damar ta kuɓuce musu ba a fili suka faɗi ba, a takarda suka faɗi. Don haka wannan jagora ta fi karkata ga takardu, lissafin gurabe, da mutanen ofis da ba a ganin su a talabijin. Da kai ɗan wasa nake magana, amma baba da koci su ma su matso kusa.

Mataki na 1: San wanda ke riƙe da wace ƙofa

Babbar hukumar wasannin jami'o'in Amurka ita ce NCAA, mai makarantu kusan 1,100 da aka kasa rukuni uku. Rukuni na 1 shi ne na manyan filaye da manyan kuɗi. Rukuni na 2 yana ba da tallafin karatu na wasa, amma galibi gutsure-gutsure. Rukuni na 3 ba ya ba da ko sisi saboda wasa, sai dai saboda ƙoƙarin karatu ko rashin hali. Bayan NCAA akwai NAIA ta ƙananan jami'o'i, sai NJCAA ta kwalejoji masu shekara biyu. Kowacce da dokarta.

Kar ka raina kwaleji mai shekara biyu. Kuɗinta ya fi sauƙi, sharuɗɗan shigarta sun fi sassauci, kuma kociyoyin manyan jami'o'i suna zuwa can tsintar waɗanda suka nuna kansu. Ga yaron da ba wanda ya taɓa jin sunansa, sau da yawa nan ce ƙofar gaskiya.

'Yan mata kuma su sani cewa wata dokar Amurka ta 1972, da ake kira Title IX, ta tilasta wa makarantu masu karɓar kuɗin gwamnati su ba mata dama daidai da maza, har a wasanni. Hijabi ma ba ya hanawa: Bilqis Abdul-Qaadir ta buga wa Jami'ar Memphis ƙwallon kwando a rukuni na 1 da lulluɓinta.

Mataki na 2: Auna kanka da mudun can

Yabon 'yan unguwa ba ya shiga takarda. Idan mai gudu ne kai ko mai tsalle, aikinka ya fi sauƙi, domin lamba ba ta da ɗan uwa. Shiga shafin TFRRS, inda ake zuba sakamakon gasannin jami'o'in Amurka, ka duba makarantar da kake hari, ka ga lokacin da 'yan wasanta na uku da na huɗu suke yi. Idan naka yana kusa da nasu, akwai magana. Amma lokacin da malamin wasanni ya ɗauka da agogon hannu ba ya ratsa koci a can. Wanda na'ura ta ɗauka a gasar da hukuma ta sani suke so, kuma a gajeren gudu iskar da ke tura ka kar ta wuce mita 2.0 a daƙiƙa. Ko da za ka ci bashin kuɗin mota, je gasar da ake amfani da na'ura sau biyu ko uku a shekara.

Mai ƙwallon ƙafa ko kwando, bidiyo ne shaidarsa. Minti uku zuwa biyar na zaɓaɓɓun wurare, mafi kyau a farko, sannan cikakken wasa ɗaya da ba a yanke ba. A ɗauka daga wuri mai tudu, wayar a kwance, a sa alama a kanka kafin kowane motsi. Ban da kiɗa. Koci yana son ya ga abin da kake yi lokacin da ƙwallo ba ta ƙafarka.

Mataki na 3: Takardu, tun daga SS1

Nan ne zan daɗe, domin nan ake zubar da yara.

Duk mai son rukuni na 1 ko na 2 sai ya buɗe rajista a NCAA Eligibility Center, ofishin da ke tantance karatu da tarihin wasan kowane ɗalibi. Da kanka za ka yi a intanet, kuɗin ya haura dala 100, kuma za a ba ka lamba. Wannan lambar ce kociyoyi za su fara tambayarka.

Suna duba karatunka daga aji na tara, wato JSS3, har zuwa SS3. Suna neman darussa 16 na asali: Turanci, lissafi, kimiyya, ilimin zamantakewa irin su gwamnati da tarihi, da makamantansu. Mafi ƙarancin GPA, wato matsakaicin makin darussan, a ma'auninsu shi ne 2.3 a rukuni na 1, da 2.2 a rukuni na 2. Daga Najeriya da Gana sakamakon WAEC ne ginshiƙi, a Najeriya har da NECO, kuma ka tanadi katin duba sakamako domin su tabbatar da kansu. Wanda ya yi karatu da Faransanci, a Nijar ko Chadi ko Kamaru, sai ya haɗa takardunsa na asali da fassarar Turanci layi bayan layi. Tun Janairun 2023 NCAA ta daina neman SAT ko ACT, jarrabawar shiga jami'a a Amurka, amma wasu jami'o'i suna nema don kansu. Abu biyu ne daban: hukuma ta ce ka cancanci wasa, jami'a kuma ta ce ta ɗauke ka karatu. Sai ka ci duka biyun.

Yanzu ga abin da ya fi ci mini rai. Ɗauko takardar haihuwa, fasfo, lambar NIN, sakamakon jarrabawa, da lasisin duk ƙungiyar da ka taɓa yi wa wasa, ka shimfiɗa su a kan tabarma ɗaya. Sunan iri ɗaya ne? Muhammad a nan, Mohammed a can, sunan gari a matsayin sunan mahaifi a ta uku? Ranar haihuwa fa?

Na taɓa riƙe wani yaro mai gudun mita 400, doguwar ƙafa, ladabi kamar ya yi yawa. Koci ya ga lokacinsa, ya kira mu ta bidiyo har sau biyu, ya ce a turo takardu. Ranar da muka zauna muna ɗaukar hotonsu ɗaya bayan ɗaya na lura shekarar haihuwa ta fasfo ta bambanta da ta WAEC da shekara biyu. Wani ne ya ba mahaifinsa shawarar a rage masa shekaru lokacin yin fasfo, wai zai taimake shi a wasa. Na ɗago na dube shi, ya sunkuyar da kai yana murza gefen takardar da yatsa. Gyaran ya ci mana watanni ana zirga-zirga tsakanin ofisoshi. Kafin mu gama, koci ya rubuto cikin mutunci cewa ya ba wani gurbin. Iyaye, don Allah, ku bar yara da shekarunsu na gaskiya. Ba a fafe gora ranar tafiya: idan akwai saɓani a takarda, a gyara shi tun yaro yana SS1.

Mataki na 4: Agogo biyu da ke tafiya ba ka sani ba

Agogo na farko yana farawa ranar da ya kamata ka gama sakandare bisa tsarin ƙasarku. NCAA ce ke lissafa ranar, kuma sake zama jarrabawa ba ya matsar da ita. A yawancin wasanni na rukuni na 1 an daɗe ana ba da rangwamen shekara ɗaya, a tanis wata shida. Bayan nan, duk shekarar da ka ci gaba da buga gasa mai tsari, mai alƙalin wasa da jadawali, tana iya cinye maka kakar wasa guda daga cikin huɗun da kake da su. Yaron da ya gama SS3 ya shekara uku yana buga wa kulob yana jiran dama, yana ƙona hatsinsa ne da hannunsa.

Agogo na biyu yana farawa ranar da ka yi rajistar cikakken ɗalibi a kowace babbar makaranta a duniya, ko a Kano take ko a Yamai. Tsarin da aka daɗe a kai a rukuni na 1 shi ne shekara 5 domin buga kaka 4, kuma agogon ba ya tsayawa don an tafi yajin aiki. Daga ranar kuma ka zama mai sauya makaranta, dokarka ta bambanta da ta sabon ɗalibi. Ban ce ka ƙi gurbin da JAMB ta ba ka ba, karatun hannu ya fi na alkawari. Abin da nake cewa shi ne ka shiga da idonka a buɗe, kuma kar ka ɓoye wa koci cewa ka taɓa yin rajista. Dokokin shekarun nan suna yawan canzawa saboda shari'o'i, don haka karanta jagorar NCAA ta shekarar da kake ciki.

Mataki na 5: Kuɗin wasa da dillalai

Za a tambaye ka kowace ƙungiya da ka yi wa wasa, ko ka sa hannu a kwantiragi, da nawa aka biya ka. Kuɗin mota, abinci, masauki da kayan wasa ba laifi ba ne. Albashin da ya wuce ainihin ɗawainiyarka, ko yarjejeniya da ejan da zai tallata ka ga ƙungiyoyin ƙwararru, su ne ke jawo matsala. Ajiye kwafin duk takardar da ka sa wa hannu, kuma kar ka sa hannu a wadda ba ka karanta ba.

Game da masu cewa a kawo kuɗi su samo sikolashif: babu kocin jami'a na gaskiya da ke karɓar kuɗi don ya ba da gurbi. Adireshin imel ɗinsa yawanci yana ƙarewa da .edu, sunansa da hotonsa suna shafin wasannin makarantar. Shawara kyauta kuma tana ofisoshin EducationUSA, cibiyar gwamnatin Amurka mai ba ɗalibai shawara, a Abuja da Legas.

Mataki na 6: Rubuta wa koci

Kai kana iya rubutawa kowane lokaci, su ne doka ta ɗaure. A wasanni da yawa na rukuni na 1 koci ba zai fara tuntuɓarka ba sai daga 15 ga Yuni bayan aji na goma, wato bayan SS1, a wasu kuma sai 1 ga Satumba. Shirun farko ba lallai ƙi ba ne.

Jera makarantu 30 zuwa 40 daga dukkan matakai, ba manya kaɗai ba. Ka fi mayar da hankali ga mataimakin koci, domin shi ne yawanci ke farautar 'yan wasa. Wasiƙar ta zama gajera, da Turanci mai sauƙi wanda kai ka rubuta: sunanka, ƙasarka, shekarar gama sakandare, tsawo da nauyi, matsayinka a fili ko mafi kyawun lokacinka da sunan gasar, sakamakon karatu, lambar NCAA, mahaɗin bidiyo, da lambar kocinka. Ƙara jimla ɗaya da ke nuna ka san ƙungiyarsu. Bayan mako biyu ko uku ka sake taɓa shi, musamman idan ka sami sabon sakamako.

Kafin ka aika, buɗe jerin 'yan wasan makarantar, yana shafinta kyauta. Ƙirga mutum nawa ne a matsayinka, nawa ne ke ajin ƙarshe, nawa ne baƙi daga wasu ƙasashe. Ƙungiyar da ke da masu tsaron gida uku duk 'yan aji ɗaya da biyu ba ta neman na huɗu, komai iyawarsa. Wadda 'yan bayanta biyu ke gamawa bana, kuma akwai ɗan Gana ko Senegal a cikinta, ta riga ta san hanyar kawo baƙo.

Mataki na 7: Lissafin gurabe da karanta tayi

Abubuwa sun juya a 2025. A da, NCAA tana ƙayyade yawan tallafin da kowace ƙungiya za ta raba: 13 a kwandon maza, 9.9 a ƙwallon ƙafar maza, 12.6 a guje-gujen maza, 18 a na mata. Koci yakan yanka waɗannan na ƙwallon ƙafa da guje-guje ya raba wa mutum talatin ko fiye. A ranar 6 ga Yunin 2025 mai shari'a Claudia Wilken ta amince da sulhun shari'ar da ake kira House, wadda 'yan wasa suka kai NCAA ƙara kan biyan su kuɗi. Makarantun rukuni na 1 da suka shiga tsarin yanzu suna iya biyan 'yan wasansu kai tsaye, har kusan dala miliyan 20.5 kowace makaranta a shekarar farko, kuma an daina ƙayyade tallafi, an koma ƙayyade yawan mutane: 15 a kwando, 28 a ƙwallon ƙafa, 45 a guje-guje da tsalle-tsalle, 105 a ƙwallon Amurka.

A baki abin yana da daɗi, tunda kowa a jerin zai iya samun cikakken tallafi. A aikace doka ta halatta ne, ba ta wajabta ba, kuma yawancin kuɗin ƙwallon Amurka da kwando yake tafiya. Gurabe sun ragu a wasu wasanni, koci ba shi da sararin ajiye yaron da sai an shekara biyu ana gyara shi. Ga kuma rumbun masu sauya makaranta, wato jerin 'yan wasan da ke son barin jami'arsu zuwa wata, da aka buɗe a 2018, inda zai iya ɗauko wanda ya riga ya goge. Da waɗannan kake takara, shi ya sa na ce kar a raina ƙananan makarantu.

Idan tayi ya zo, a yi murna, sannan a zauna da biro. Alkawarin baki ba ya ɗaure kowa. A rukuni na 1 an soke tsohuwar takardar alkawari ta ƙasa a Oktoban 2024, abin da ke aiki yanzu shi ne rubutacciyar yarjejeniyar tallafi daga makarantar. Tambayi koci, ba kunya: nawa ne jimillar kuɗin shekara, kuma nawa tallafin ya rufe? Ya haɗa da ɗaki, abinci, littattafai da inshorar lafiya? Na shekara ɗaya ne da ake sabuntawa, ko na dukkan shekarun? Idan na ji rauni fa? Idan kai koci ka bar makarantar fa? Ina zan zauna lokacin hutun hunturu da ake rufe ɗakunan kwana?

Ga misali: a ce kuɗin shekara dala 45,000 ne, aka ba ka kashi 60 cikin 100. Saura dala 18,000 kowace shekara, kuma sai gidanku ya nuna shaidar banki cewa akwai su kafin makaranta ta fitar da takardar neman biza. Mayar da wannan zuwa naira ko sefa kafin a fara sayar da gona. Ko cikakken tallafi ma yana da ɗan rami: ɓangaren ɗaki da abinci ana iya cire wa baƙon ɗalibi harajin kashi 14 cikin 100 a kai, kuma tikitin jirgi galibi naka ne.

Mataki na 8: Biza

Bayan jami'a ta ɗauke ka za ta aiko takardar I-20. Da ita za ka biya kuɗin SEVIS, wato rajistar baƙin ɗalibai, dala 350, ka cike fom ɗin neman biza na DS-160, ka biya kuɗin biza dala 185, ka je ganawa a ofishin jakadanci domin bizar ɗalibi ta F-1.

Dole in faɗi gaskiya a nan. A watan Yunin 2025 gwamnatin Amurka ta hana 'yan wasu ƙasashe shiga, ciki har da Chadi da Sudan. A Disamban shekarar aka ƙara da Nijar, Najeriya kuma aka dakatar mata da wasu nau'o'in biza, har da ta ɗalibai. Irin waɗannan matakai ana sa su ana ɗage su, amma kafin ka kashe kuɗi a kan komai na wannan mataki, duba shafin ofishin jakadancin Amurka da ke ƙasarku, ka kuma tambayi ofishin baƙin ɗalibai na jami'ar halin da ake ciki. Yaron SS1 yana da shekaru a gaba, ya ci gaba da shiri, tunda tsabtatattun takardu da sakamako mai kyau suna amfani a Kanada da Turai ma.

Abu ɗaya kuma: tun Yulin 2021 'yan wasan jami'a suna iya samun kuɗin talla da sunansu, amma bizar F-1 ta taƙaita aikin da baƙo zai yi a cikin Amurka. Kar ka karɓi kuɗin talla ko ɗaya sai ofishin baƙin ɗalibai ya ce maka eh a rubuce.

Mataki na 9: Bayan ka sauka

A makon farko nemi mutum uku ka gaishe su: jami'in kula da bin doka na sashen wasanni, mai ba 'yan wasa shawarar karatu, da jami'in baƙin ɗalibai. Na farkon shi ne ke sa hannu cewa ka cancanci fita fili. Duk abin da kake kokwanto a kai, ko kyauta ce daga wani magoyin baya ko wasan hutu a gida, shi za ka fara tambaya.

Dole ka riƙe aƙalla kiredit 12, wato ma'aunin yawan darussan da ka ɗauka, a kowane zangon karatu. Idan ka ajiye darasi ka faɗo ƙasa da haka, wasanka da bizarka duk sun shiga haɗari a rana ɗaya. A rukuni na 1 ana so ka cinye kashi 40 na digirinka kafin shekara ta uku, 60 kafin ta huɗu, 80 kafin ta biyar. Atisaye da wasa a cikin kaka an ƙayyade su awa 20 a mako a takarda, amma tafiye-tafiye da jinya ba sa cikin lissafin. Idan koci ya ce za ka zauna shekarar farko ba ka buga gasa ba, abin da suke kira jar riga, ba kora ba ce: tallafinka yana nan, kakarka ma ba ta ƙone ba.

Faɗa wa mai kula da lafiyar ƙungiya maganar azumi tun watan bai kama ba, domin a daidaita lokacin atisaye da abin sahur. Kar ka sha kowane maganin ƙarfi ko na gargajiya da ka taho da shi sai ya gani, saboda ana gwajin fitsari. Sannan ka je da sanin jininka. NCAA tana buƙatar a san matsayin sikila na kowane ɗan wasa, dokar da ta biyo bayan rasuwar wani ɗalibin Jami'ar Rice a 2006 bayan atisaye. A Najeriya kusan mutum ɗaya cikin huɗu AS ne. Wannan ba ya hana ka gurbi, amma sai mai horarwa ya sani, domin a riƙa ƙara maka nauyin atisaye a hankali, a ba ka hutu da ruwa, kuma idan ka ji ƙafafunka sun saki ko numfashi ya ƙi, ka tsaya nan take ka faɗa.